Kifin da Maigidana Ya Daina Kawowa

Maigidana ɗan masunta ne, mutumin Yawuri, amma ni a Kano na san shi, yana awon yadi a shagon kawunsa. Ban taɓa ganinsa da ƙugiya a hannu ba sai da muka shekara biyu a Guangzhou ta ƙasar China. Muna zaune a unguwar Dengfeng, hawa na shida, ɗaki biyu da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya tsayawa a cikinsa. Aikinsa raka 'yan kasuwarmu na gida zuwa Xintang su zaɓi wandunan jins, ya yi musu tafinta, ya bi kaya har a loda. Ni kuma ina tuƙa tuwo ina zubawa a robobi, masu shagunan waya na layinmu suna zuwa karɓa. Yaranmu suna Kano wajen mahaifiyata saboda makaranta.

Akwai wani dattijo ɗan China mai ƙaramar motar kaya da yake ɗauko musu dila daga Xintang. Shifu muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane direba a nan. Gajere ne, kansa ya yi fari, haƙoransa sun rine da shayi da sigari. Wata rana suna lodi maigidana ya ga sandunan fatsa a ɗaure a cikin motar. Ya zaro ɗaya, ya duba ɗaurin ƙugiyar, ya ce wa Shifu wannan ƙullin zai zame. Shifu ya ce tun yana saurayi haka yake ɗaurawa. Maigidana ya tsinke zaren da haƙori, ya yi masa irin ƙullin mahaifinsa, ya miƙa masa ya ce ya ja da ƙarfinsa. Lahadin makon, muna idar da sallar asuba muka ji hon ɗin Shifu a ƙasa.

Dam ɗin da suke zuwa yana bayan Zengcheng, a tsakanin duwatsu, tafiyar kusan awa biyu. Ranar farko bayan la'asar ya dawo, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa duk laka, ya dire mini bokiti a ƙofar kicin. Kifi huɗu ne a ciki, masu faɗin baya da ƙaton baki, jikinsu ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi.

Na ce, "Malam, wannan wane irin kifi ne?"

Ya ce, "Su guiyu suke ce masa. Ni damisa na sa masa. Ki kula da ƙayar bayansa, tana da dafi."

Na fere su, na yi farfesu da citta da kanumfari da attaruhu da 'yar daddawar da nake ɓoyo. Naman fari ne tas, yana ɓarewa fala-fala, babu ƙananan ƙayoyi a cikinsa. Ya ci ya suɗe hannu, ya jingina da bango, ya fara ba ni labarin yadda kifin yake farauta, wai laɓewa yake yi a gindin dutse ko cikin ciyawar ruwa, sai ƙaramin kifi ya gifta ya cafke shi. Ya ce ruwan dam ɗin garai-garai yake, kana tsaye a baki kana ganin tsakuwar ƙasa. Daga nan ya zarce labarin kogin garinsu da jirgin mahaifinsa. Duk zamanmu ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Shekara uku muka yi a haka. Duk Lahadi da yamma falonmu cika yake yi. Akwai wani mutumin Maraɗi mai gyaran waya da ba ya fashi, da wasu ɗalibai biyu daga jami'ar da ke Tianhe waɗanda suke hawo jirgin ƙasa saboda romon, da duk baƙon da ya zo sari a makon. Wani lokacin Shifu ma ya hau ya zauna a bakin tabarma, yana cin kifi da tsinkayen cin abincinsu, yana share gumin yaji yana cewa xiexie, godiyarsu ke nan. Ban da damisa suna kamo wani mai kama da tufi, da wani dogo siriri mai ɗagaggen baki. Duk masu farauta ne, masu ja da mutum kafin su fito. Maigidana yana cewa daɗin abin a jan yake, cin ai namu ne.

Sai wata damina aka yi ruwa kwana da kwanaki, har layinmu ya cika muna tsallakawa a kan bulo. Shifu ya ce kududdufan masu kiwon kifi da ke saman dam ɗin sun tumbatsa, duk abin da ke ciki ya gangaro. Ba mu ɗauki maganar da wani nauyi ba. Bayan 'yan watanni na buɗe bokitin Lahadi na ga damisa biyu da wani baƙon kifi guda biyar, dogo, fari kamar azurfa, ƙaramin kai, bakinsa a ƙasa, idonsa ja-ja.

Maigidana ya ce, "Dangin kifin da Turawa ke ce wa carp ne. Shifu ya ce ba na ƙasar nan ba ne, daga Indiya aka kawo irinsa. Kiwonsa suke yi suna ba manyan kifin kududdufi ƙananansa su ci. Ambaliyar nan ce ta zubo shi."

Ina farke cikinsa na ji warin taɓo. Na wanke da lemon tsami da gishiri, na soya, warin bai fita ba. Kuma naman cike yake da ƙaya, ƙanana masu rassa biyu, kowace loma sai ka tsaya tsinta. A gidanmu mai ƙaya muka sa masa. Wata maƙwabciyata 'yar garin ta nuna mini yadda suke yi da irinsa, a kankare naman da wuƙa, a daddatse shi har ƙayar ta niƙe, a mulmula ƙwallo-ƙwallo a jefa a romo. Na gwada. Aikin yini ne, kuma mutanenmu ba su saba ba. Mutumin Maraɗi ya ci ƙwallo biyu ya yi godiya, mako na gaba ya ce aiki ya riƙe shi.

A hankali bokitin ya juye. Da damisa huɗu ne da mai ƙaya ɗaya, ya koma damisa ɗaya da mai ƙaya goma, ya koma mai ƙaya zalla. Ɗaliban suka gama karatu suka tafi, ba mu gayyaci wasu ba.

Wata Lahadi muna cin soyayyen mu biyu kawai, ƙaya ta maƙale mini a wuya. Na haɗiyi tuwo, na sha ruwan ɗumi, tana nan, duk haɗiyar yawu kamar ana soka mini allura. Washegari da safe ya kai ni asibiti. Wata likita ta naɗe harshena da auduga ta jawo shi waje, ta zura wani ɗan ƙarfe, hawaye suna zubo mini, mutane a layi suna kallo. Abin da ta zaro bai kai tsawon farce ba. A hanyar dawowa cikin bas na juya na dube shi.

Na ce, "Malam, don Allah kada ka ƙara shigo mini da kifin nan gida."

Ya ce, "Ni ma ba shi nake zuwa nema ba."

"To tunda wanda kake nema ya ƙare, me kake zuwa yi?"

Ya juya yana kallon titi har muka sauka.

Ba a jima ba annoba ta zo, aka rufe ko'ina. Baƙi suka daina zuwa sari, layinmu ya yi tsit, rabin mutanenmu suka koma gida ba su dawo ba. A cikin wannan zaman ne wata hantsi aka bugo daga Yawuri aka ce mahaifinsa ya rasu. Babu jirgi, babu hanyar tafiya. Ya karɓi gaisuwa a waya kwana uku, yana zaune a wuri ɗaya. Ban ga ya yi kuka ba. Da aka saki mutane, Lahadin farko ya bi Shifu dam. Ya dawo da bokiti wayam, ya wanke shi ya kife. Mako na gaba ma haka, da na gabansa.

Raina ya fara ɓaci. Lahadi kaɗai ce ranar da ba ya aiki, ni kuma in yini a hawa na shida ni kaɗai, ya dawo a gajiye ba kifi ba hira. Wata Asabar na ce masa gobe da ni za a je. Ya dube ni ya ce rana ce da sauro kawai a wurin. Na ce na ji.

Na zauna a bayan motar Shifu a kan kwali, fulas ɗin shayi a cinyata. Muka wuce masana'antu, muka wuce gonakin ayaba, hanya ta fara hawa. Wurin yana da kyau daga nesa, duwatsu kore shar sun kewaye ruwa. Amma da muka gangara baki, ruwan da aka shekara ana ba ni labarin tsabtarsa kalar kunun tsamiya ne. Ko tafin hannu ka tsoma ba za ka gan shi ba. Babu ciyawa ko ɗaya a cikinsa, sai laka da kumfa a gefe. Can da nan ruwan yana ɓulɓula, maigidana ya ce masu ƙayan ne suke tonon ƙasa. A kan gangaren bayanmu kifaye ne a zube, wasu sun bushe wasu suna ruɓewa, ƙuda ya rufe su. Na ja mayafina na toshe hanci.

Shifu ya nuna mini wasu duwatsu jere a bakin ruwa, yana magana maigidana yana fassarawa. Ya ce da kowane dutse da mai shi, in ka makara ba ka samun wurin zama. Wannan na wani malamin makaranta ne, ya koma kiwon tsuntsaye. Wancan na wani mai walda ne, ya rasu. Ranar mutum uku muka tarar, duk tsofaffi.

Suka jefa. Ba a yi minti biyar ba zaren Shifu ya motsa, ya jawo mai ƙaya kamar tsawon damtse. Ko kallonsa bai yi ba, ya zare ƙugiya ya wurga shi kan gangare. Kifin ya yi ta buga jela a cikin ƙura. Na kasa daurewa.

Na ce, "Malam, ka tambaye shi, ba alhaki a wannan? In ba zai ci ba ya mayar da shi."

Ya tambaye shi. Shifu ya kunna sigari kafin ya amsa. Ya ce in ya mayar da shi, baɗi ya zama dubu. Ya ce yini suke suna tumurmusa ƙasan ruwa da baki, laka ta tashi, rana ta daina kaiwa ga ciyawa, ciyawa ta mutu. Jatan lande da ƙananan kifin da ke ɓuya a cikinta suka ƙare. Damisa kuwa da ido yake farauta, a wannan ruwan me zai gani. Ƙananan mai ƙayan yana iya cin su, amma kafin ya juya sun fi ƙarfin bakinsa. Ya ce ya san wanda yake jefarwa bai rage komai ba, hannunsa ne dai ya ƙi mayarwa.

Wajen hantsi wata mota mai tankunan ruwa ta gangaro ɗaya gefen, bas na biye da ita. Mutane suka sauko, yawancinsu mata, wasu da dogayen riguna ruwan toka. Suka jeru suna rera wani abu a hankali, hannuwa haɗe a ƙirji. Sai aka fara miƙo robobi daga tanki suna juyewa a dam. Maigidana ya ce sadakarsu ce, suna sayo kifi mai rai a kasuwa su sake shi don neman lada, kuma mai ƙaya ya fi kowane araha. Shifu ya ajiye sandarsa ya nufe su, yana ɗingisa ƙafa. Muna hango shi yana nuna ruwa, yana nuna tanki, muryarsa tana tashi. Wata tsohuwa ta fito daga cikinsu ta yi masa magana, ba da faɗa ba. Ya juyo ya dawo. Da ya zauna maigidana ya tambaye shi abin da ta ce. Wai mijinta ne kwance a asibiti wata na uku, ba abin da ya rage mata sai wannan. Shifu ya ɗauki sandarsa ya sake jefawa. Suka gama juye tankunan suka tafi.

Mun yi sallar azahar a kan wani faffaɗan dutse, muka ci ɗanwaken da na taho da shi. Bayan nan maigidana ya sauya wuri, ya koma inda wani ɗan rafi yake shigowa daga dutse, ruwan wurin ya ɗan fi haske. Na bi shi na zauna. Ya daɗe yana jefawa yana jawowa. Can na ga ya miƙe tsaye, sandar ta lanƙwasa kaɗan. Abin da ya fito damisa ne, amma bai fi tafin hannuna ba, ramamme, kansa ya fi jikinsa. Shifu ya taso, sauran tsofaffin ma suka zo suka kewaye shi suna leƙe. Ɗaya ya ce rabonsa da ganin irinsa tun bara.

Maigidana ya durƙusa da shi a hannu, ya tsoma shi a ruwa bai sake ba. Ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Baba bai taɓa ganin kifin nan ba. Na tura hoto aka nuna masa, ya ce idonsa ba ya gani a waya, in kawo masa ya taɓa da hannu. Na ce zan yi bandar babba guda in taho da shi. Kullum sai in ce wani zuwan."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Malam."

Ya ce, "Amin. Yanzu ko yana raye babu wanda zan kai masa."

Ya buɗe hannu. Kifin ya tsaya kamar bai san an sake shi ba, sannan ya nutse. Tun daga ranar ban ƙara yi masa ƙorafin Lahadi ba, ban kuma sake binsa ba.

Abu ɗaya Shifu yake sa rai a kai, sanyi. Ya ce mai ƙaya kifin ƙasar zafi ne, in aka yi sanyi mai tsanani na mako guda mutuwa yake yi. To Guangzhou ba garin sanyi ba ne, wata shekarar ko bargo ba ma saukewa. Amma wani hunturu aka yi shi sosai, da yayyafi da iska, har ina dafa ruwan alwala. Kwana na shida Shifu ya bugo waya, ina jin dariyarsa daga kicin. Wai dam ya yi fari da gawar kifi. Suka tafi da shebur da manjagara, su da sauran tsofaffin, suka yini suna jawowa suna binnewa. Maigidana ya dawo yana ɗoyi, hannuwansa sun faffashe, amma ya ci tuwo malmala biyu. A makon ya sayo sabon zare da ƙugiyoyi, ya zauna a falo yana ɗaurawa. Ya ce in ruwan ya kwanta ciyawa za ta dawo, in ciyawa ta dawo sauran mai sauƙi ne.

Ruwan ya ɗan washe na 'yan watanni. Da damina ta kankama sai ya dawo wata Lahadi ya zauna a ƙofa yana cire takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Na tambaye shi lafiya. Ya ce bakin ruwan ya cika da 'ya'yan mai ƙaya, kamar an watsa shinkafa. Waɗanda suka nutse can ƙasa sanyin bai kai gare su ba, kuma motar tankuna ba ta daina zuwa ba.

A shekarar ne gwiwar Shifu ta ƙi. Ya sayar da motar, 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta ce ya koma wajenta. Ya zo mana sallama, ya hau benen nan shida yana hutawa a kowane hawa. Na yi masa tuwo da miyar kuɓewa, na rage yaji. Ya kawo wa maigidana sandunansa guda uku a naɗe cikin tsohon buhu, ya ce inda za shi babu ruwa sai na famfo. Suka zauna suna shan shayi, maganar ba ta da yawa. Da zai tafi maigidana ya riƙe shi har ƙasa.

Bayan tafiyarsa ya ci gaba da zuwa shi kaɗai. Sai ya hau jirgin ƙasa, ya sauya bas biyu, ya ƙarasa a ƙafa. Ya yi haka kamar sau biyar ko shida. Na ƙarshen, ko azahar ba a kira ba na ji makullinsa a ƙofa. Kayansa a bushe, takalminsa ba laka.

Na ce, "Malam, yau da wuri haka?"

Ya ce an kewaye hanyar gangarawa da waya. Wai an ba wani mutum hayar dam ɗin, yana jan taru da kwalekwale mai inji, yana kwashe mai ƙaya mota-mota ana kaiwa inda ake niƙa shi a yi abincin dabbobi. Ya roƙi mai gadi ya bar shi ya zauna ko awa ɗaya ne a wajen ɗan rafin. Mai gadi ya kaɗa hannu ya ce meiyou, babu. Ya tambaye shi ko taru yana fito da damisa. Mai gadin, wanda daga wani lardi aka kawo shi, ya ce bai san kifin ba.

Na zuba masa ruwa ya sha. Ya zauna a kujerar bakin taga, buhun sandunan a jingine da ƙafarsa. Na koma kicin na ɗora shinkafa. Kafin ta nuna wayarsa ta yi ƙara. Wani Alhaji ne da ya sauka daga Kano jiya, yana tambaya ko za a iya leƙa Xintang yau duk da Lahadi ce, don kwanakinsa kaɗan ne. Da can maigidana cewa yake a bari sai Litinin. Na ji ya ce, "To Alhaji, ka jira ni a ƙasan masaukin, ga ni nan." Ya sauya riga ya fita, bai jira abincin ba.